Wa Ya Jeme Ƙafar Dakta?

Duk wanda ya ce Maiduguri ba ta da masana, to bai bi ta unguwar Fezzan da hantsi ba. Da ya bi, da ya ga ilmi da idonsa, zaune a kan kujera mai juyawa, da farar rigar likita a kan babbar riga, hula zanna a karkace, yana shan iskar fanka in an kawo wuta. Wannan shi ne Alhaji Dakta Kashim Gana, Shugaba kuma Babban Darakta na Cibiyar Binciken Sinadaran Tsirrai ta Yankin Tafkin Chadi da Kewaye. Kada tsawon sunan ya firgita ka. Cibiyar shago ɗaya ce a ƙofar gidan gadonsu, in ka shiga da sauri sai ka yi karo da bangon baya. Amma ai ba a auna ilmi da faɗin ɗaki.

'Yan hassada, waɗanda ba a rasa su a bayan kowane babban mutum, suna cewa shekara ashirin da shida da Dakta ya yi a wata babbar makaranta, aikinsa wanke kwalabe ne a ɗakin gwaje-gwaje da manna musu takardar suna. To, sai me? Wanda ya yi shekara ashirin da shida yana manna sunaye ai ya fi kowa sanin sunayen. Daktancin kuwa ba sata ya yi ba. A wani taron bita na kwana uku ya samo shi, a wani otal, inda aka haɗa wa kowane mahalarci da jaka da biro da abincin rana. Takardun shaida huɗu ne rataye a bangon Cibiyar. Biyu daga cikinsu hoton sauran biyun ne, amma firam ɗinsu ya fi kyau.

Mutanen unguwa suna kiransa Dakta Sinadari, shi kuma ya ɗauka yabo ne. In ka kuskura ka yi masa sallama, ka shirya tsayuwar rabin awa.

"Matsalar mutanenmu," in ji shi, yana kaɗa ɗan yatsa, "ita ce ku ganye kuke gani, ni kuwa sinadari nake gani. A cikin tsiro akwai tanin, shi ne mai tsuke bakin ciwo ya tsayar da jini. Akwai filabonoyid, mai kwantar da kumburi. Akwai saponin, akwai alkaloyid. Kai ka san alkaloyid? Ba ka sani ba. Kakanka ma bai sani ba."

Abin da ke ba ni haushi shi ne, yawancin maganar nan gaskiya ce. Ya tsince ta ne daga bakin malaman kirki lokacin da hannunsa ke cikin kumfar sabulu, ya haddace ta kamar karatun aku. Ya san sunan kowace bishiya da yaren masana, amma bai san fuskar ko ɗaya ba. Da za ka ɗaure shi a jikin dogon yaron da ya cika titunan garin nan, ka ce ya nuna maka bishiyar da yake kira Azadirakta, sai ya ce maka sai an yi masa biza.

Dukiyar Cibiyar gaba ɗaya wani gwangwani ne ɗan ƙarami, da ya yi odarsa ta waya daga ƙasar waje, ya yi wata uku a hanya. A cikinsa wani gari ne ruwan ƙasa, a jikinsa an rubuta Akeshiya nilotika. Dakta ya ajiye shi a kabad ɗin gilashi, ya sa kwaɗo biyu. Yakan gaya wa baƙi cewa bishiyar ba ta fitowa sai a kan duwatsun Indiya, inda iska ke da sanyi, kuma ba kowa ake bari ya matsa kusa da ita ba. Daga wannan gari yake haɗa maganinsa na ciwo, mai suna Kashimisin. Haɗin na masana ne: cokalin shayi ɗaya na garin a cikin baho guda na baselin, sai koriyar kala irin ta masu ƙanƙara, sai humra kaɗan da yake ɗiba daga ɗakin matarsa Mu'mina don ƙamshi. A jikin kwalbar an rubuta cewa yana warkar da kowane irin ciwo cikin kwana uku. Ba a taɓa samun wanda ya dawo da ƙorafi ba, don ba a taɓa samun wanda ya saya sau biyu ba.

Babban mutum ba ya rasa abin da ke ɓata masa suna. Na Dakta shi ne yayarsa, Ya Yagana, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta dawo gidan gado tun rasuwar mijinta. A ƙofar gidan, daidai gaban Cibiyar, akwai wata tsohuwar bagaruwa, wadda Barebari ke ce wa kangar. Uwarsu ta tsinci 'ya'yan bishiyar, Ya Yagana ta gada. Takan shanya su, ta daka, ta tankaɗe, ta zauna a tabarma a gindin bishiyar da kwanonta. Majema daga wajen Kasuwar Shanu suna zuwa su saya don jimar fata. Masu jego suna zuwa. Mahauci in wuƙa ta goce ta yanke shi, ya zo a wanke masa da ruwanta. Duk waɗannan mutane ta gaban kujerar Dakta suke wucewa, su yi masa sannu da Barbarci, "Wushe, Dakta," su zarce tabarma.

"Shirmen gargajiya," Dakta yakan ce, da ƙarfin da za ta ji. "Ba awo, ba bincike, ba takarda. Garin ƙaya a kwano!"

Ita kuwa takan ci gaba da tankaɗenta. Ta goya shi yana yaro, ta san kukansa iri-iri.

Da Dakta ya zauna ya yi nazari mai zurfi a kan dalilin da ya sa duniya ba ta gano shi ba har yanzu, sai ya gano: ba a ganin Cibiyar daga titi. Ya sa aka yi masa allo mai ƙafa goma sha biyu, da hotonsa riƙe da kwalba yana kallon sama kamar mai duban wata. Da aka kawo, sai aka ga bagaruwar ta tsaya daidai inda allon ya kamata ya tsaya. Mutum mai ilmi ba ya daɗewa a kan ƙaramar matsala. Ya jira ranar da Ya Yagana ta tafi suna unguwar Gwange, ya kira masu gatari.

Kafin azahar bishiyar da ta girmi Dakta tana kwance a ƙasa. Shi kuma ya ga bai kamata tarihi ya wuce ba hoto ba. Ya miƙa wa wani maƙwabci wayarsa, ya gyara hula, ya ɗaga ƙafar dama ya ɗora a kan reshe kamar maharbin da ya kashe zaki. Takalmin fata ne a ƙafarsa mai laushi, irin na zuwa ɗaurin aure. Ita kuwa bagaruwa ko a kwance ba ta ajiye makamanta. Wata farar ƙaya ta huda takalmin, ta shige diddigensa, ta karye a ciki.

Dakta bai yi ihu ba. Ya dai kira sunan marigayiya uwarsa da Barbarci, da muryar da masu shayi na bakin titi suka ce sun ji.

Da la'asar Ya Yagana ta sauko daga keke napep. Ta tsaya ta dubi kututturen, ta dubi allon da ake kafawa a kansa. Sannan ta durƙusa, ta shimfiɗa mayafinta, ta bi rassan tana tsince 'ya'yan da suka rage, ƙaya na yagar hannunta. Wallahi duk wanda ya ga tsohuwar nan ranar sai da zuciyarsa ta karye, ban da mutum ɗaya, wanda ke zaune yana duba hotonsa. Da ta gama ta ɗaure mayafin, ta juyo.

"Kashim," ta ce, "Allah Ya sa allon ya yi inuwa."

Ta shige gida.

Wani da ƙaya ta soke shi sai ya nemi hantsaki. Dakta kuwa kyamara ya nema. Washegari ya fito a shafinsa na sada zumunta, ƙafa naɗe da bandeji a kan tebur, ya yi wa al'umma jawabi.

"Jama'a, wannan rauni ba hatsari ba ne, dama ce Allah Ya ba kimiyya. Manyan masana na duniya a jikinsu suke gwada bincikensu. Ni, Alhaji Dakta Kashim Gana, ba zan je asibiti ba, ba zan sha ƙwaya ba. Kashimisin kaɗai. Nan da mako uku, ranar ƙaddamar da maganin, zan kwance bandejin nan a gaban jama'a. Wanda ke shakka ya zo da idonsa."

Da wannan magana ya ɗaure ƙafarsa da sunansa da igiya ɗaya, ya miƙa wa gari bakin igiyar.

A nan sai na faɗi wani sirri, wanda ba don labari ba da ban faɗa ba. Allah Ya albarkaci Dakta da tumbi. Shekara goma sha biyar rabonsa da ganin tafin ƙafarsa. Ko da yana iya gani ma, babban likita ba ya wanke ciwo da hannunsa, aikin ƙananan ma'aikata ne. Don haka safe da yamma sai ya kwanta rigingine a falo, ya ɗora ƙafa a matashi, ya zuba wa silin ido, Mu'mina ta kwance, ta lafta kore, ta naɗe, shi kuma yana ba da umarni.

Kwana uku suka cika, waɗanda kwalba ta yi alkawari. Diddige ya kumbura ya yi sulɓi.

"Dakta, wurin ya yi zafi," in ji Mu'mina. Ya hana ta ce masa Alhaji tun da ya dawo daga bita.

"Filabonoyid ne ke aiki. Ƙara."

Kwana shida, mugunya ta fara fita. Ya ce abokan gaba ne sinadari ke korowa waje. Kwana takwas, ƙuda suka fara kawo gaisuwa, sai ya sa aka ƙara humra a cikin haɗin, aka turara falon. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Kwana goma, kaluluwa ta fito masa a matsematsi, zazzaɓi ya riƙa kaɗa shi da rana tsaka, kumburin ya haura idon sawu. Sallah ma a zaune yake yi.

Mu'mina ta ajiye kwalbar, ta durƙusa. Ta tuna masa kawunta, wanda ƙusa ta soka a Kasuwar Kifi ta Baga Road, ya ce ƙaramin abu ne, yanzu da sanda yake tafiya da wando ɗaya a naɗe. Ta roƙe shi don Allah don Annabi su je asibiti.

"Ni?" Dakta ya yunƙura, ciwo ya mayar da shi. "Ni in bi layi da kati a hannu? Wani ɗan banza ya ɗauke ni hoto ya watsa? Mu'mina, ƙafa guda ce. Suna kuwa in ya karye ba a ɗora shi."

Girman kai rawanin tsiya. Mutumin nan ya gwammace a yanke ƙafar da a ce maganinsa baselin ne, kuma da gaske yake.

Mu'mina ba ta yi bita a otal ba, amma ta yi shekara talatin tana karatun mutum ɗaya, ta kuma sauke shi. Ta bar shi yana nishi, ta shiga ɗakin Ya Yagana ta faɗi tana kuka. Daga nan ta leƙa gidan maƙwabciyarsu Ketura, ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Borno, wadda ke aiki a wani ƙaramin asibiti. Su ukun suka zauna a tsakar gida, Mu'mina ta kwatanta ciwon.

"Akwai ƙaya a ciki," in ji Ketura. "Kuma wannan man ya toshe bakin, ba ya barin komai ya fita. Mama, ruwan bagaruwarki zai taimaka wajen wanki da tsuke wurin, na sha gani. Amma ba zai ciro ƙaya ba. Sai an cire, sai allura, sai kafso na kwana bakwai. In ya kai Juma'a a haka, asibiti ne ko yana so ko ba ya so, kuma ban yi alkawarin zai dawo da ƙafa biyu ba."

Ya Yagana ta dubi ƙullin mayafin da ke kusurwar ɗaki. Abin da ya rage mata ke nan na bishiyar uwarta, kwano ɗaya da 'yan kai.

"Ba don shi ba," ta ce. "Don nonon da muka sha."

Ta jawo turmi. Maƙwabta sun ce ba su taɓa jin ta yi daka mai ƙarfi irin na ranar ba, kuma ba su tambayi wa take tunawa da kowace taɓarya ba.

Da yamma Mu'mina ta shiga falo ta sanar da Dakta cewa wata ma'aikaciyar asibiti ta ga jawabinsa a waya, ta zo neman ilmi, tana roƙon a bar ta ta kalli yadda Kashimisin ke aiki. Zazzaɓi ko ba zazzaɓi ba, Dakta ya sa aka ɗora masa hula.

"Shigo, 'yata. Ga shi, asibiti da kansa ya zo ɗaukar karatu. Kin san tanin?"

"A'a, yallaɓai. Koya mini."

Ya kafa wa silin ido ya fara daga farkon halittar tsirrai. Ita kuwa ta sa safar hannu, ta goge koren man tas, ta fito da hantsaki. Yana cikin bayanin saponin sai ya sake kiran marigayiya uwarsa.

"Yi haƙuri, yallaɓai, samfur na ɗauka don nazari."

"Madalla," ya ce, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. "Haka ake bincike."

Samfurin ya kai rabin tsinken ashana. Ketura ta naɗe shi a auduga ta miƙa wa Mu'mina. Sannan ta ce akwai wata allura ta ƙarin kaifin ƙwaƙwalwa, ba a yi wa kowa sai manyan farfesoshi, ba ta san ko Dakta ya kai matakin ba. Kafin ta rufe baki ya juya mata gefe. Kafson kuwa na gyaran murya ne don ranar jawabi, sau uku a rana, kada a tsallake. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Daga ranar tsarin jinya ya sauya, mai jinyar ne kawai bai sani ba. Safe da yamma Ya Yagana ta tafasa garin, ta tace, ta bar shi ya huce, ta miƙo ta bayan labule. Mu'mina ta jiƙa diddigen, ta wanke, ta naɗe da bandeji mai tsabta. Kwalbar Kashimisin kuwa takan buɗe ta ta ajiye kusa da hancinsa don ya ji ƙamshin aikinsa. Ketura tana leƙowa duk bayan kwana biyu don ƙarin karatu.

Zazzaɓi ya sauka. Kaluluwa ta baje. Ƙudan suka nemi wani gidan. Dakta ya koma shafinsa yana yi wa likitocin duniya ta'aziyyar sana'arsu.

Ranar ƙaddamarwa aka kama zauren taro, aka jera kujerun roba da lemo. Dakta ya yi dabara irin ta 'yan kasuwa: ya gayyato mahauta da majeman Kasuwar Shanu, tun da su ne kullum wuƙa ke yanka, ya zaunar da su a layin gaba. A cikinsu akwai Babakura majemi, dattijo mai shekara saba'in, hannayensa sun rine har gwiwa saboda jima. Matan gida suna can layin baya. An kafa waya tana watsa taron kai tsaye.

Dakta ya hau mumbari da sandar ado, ya yi jawabin awa ɗaya da kwata. Ya gode wa kansa bisa jajircewa. Ya yi wa gargajiya jana'iza, ya ce zamanin garin ƙaya a kwano ya wuce. Daga nan ya ciro gwangwanin daga aljihu, ya ɗaga sama da hannu biyu.

"Ga sirrin! Akeshiya nilotika, daga duwatsun Indiya! Yawancinku ba za ku sake ganin irinsa ba har ku mutu. Don haka na yarda dattijo ɗaya ya leƙa a madadinku."

Aka miƙa wa Babakura. Ya leƙa. Ya sansana. Ya dangwala ɗan yatsa ya ɗora a harshe, ya yamutsa fuska, ya juya wajen na kusa da shi.

"Kangar," ya ce.

"Baba, me ka ce?"

"Na ce bagaruwa ce, Dakta. Kuma tsohuwa, ta sha iska. Wannan ko fatar ɗan akuya ba za ta kama ba."

"Baba, wannan Akeshiya nilotika ce!"

"To, Allah Ya ba ka haƙuri. Mu dai da Akeshiyar nan muke jima tun muna yara. Buhu nawa kake so?"

Layin gaba ya fashe da dariya, ta bi kujeru har baya. Amma dokin mai baki ya fi gudu. Dakta ya ɗaga hannu, ya ce wannan shi ne jahilcin da yake yaƙi da shi, kamanni ba ya zama asali, kuma kimiyya ba ta gardama da hanci, hujja take kawowa. Ya zauna a kujera, ya ɗora ƙafa a kan tebur, tafin na fuskantar jama'a da kyamara. Ya umarci Mu'mina ta zo ta kwance.

Ta zo ta durƙusa. Bandeji ya warware. Ciwon ya rufe ruf, sai ɗan tabo kamar ƙwayar gero. Zaure ya ɗauki kabbara da tafi. Dakta ya lumshe ido yana karɓa.

Sai dai tafin bai daɗe ba, don mutanen layin gaba sun ga abin da shi ba ya iya gani. Kashimisin kore ne shar, kowa ya ga kwalaben a kan tebur. Diddigen Dakta kuwa, har zuwa idon sawu, ya rine ya yi ja-ja baƙi-baƙi, fatar ta tsuke ta yi santsi. Babakura ya miƙe a hankali, ya hau mumbari ba wanda ya kira shi. Ya kama ƙafar da hannu biyu, ya juya ta, ya danna da babban yatsa, ya ja fatar ya saki, ya sunkuya ya sansana, daidai yadda yake yi wa fata kafin ya yi mata kuɗi.

"Ma sha Allah," ya ce, kuma lasifika na kusa da bakinsa. "Dakta, wa ya jeme maka?"

"Wa ya me?"

"Jima ce wannan, mai kyau kuwa. An jiƙa safe da yamma, ba a yi gaggawa ba. Kuma ba da ta gwangwaninka ba. Wannan ta Fezzan ce, ta ƙofar gidanku. Shekara arba'in ina sayenta, ko a mafarki na san launinta. Hannun Yagana ne."

Dakta ya dubi Mu'mina. Mu'mina ta dubi ƙasa. Ya nemi ɗalibarsa Ketura da ido, ya same ta tana nazarin silin, kamar yadda ya koya mata. Ya fizgi wayar da ke watsa taron, ya juya ta, ya kalla. A nan, tare da mutum dubu da wani abu da ke kallo daga gidajensu, Alhaji Dakta Kashim Gana ya ga tafin ƙafarsa a karon farko cikin shekara goma sha biyar. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Babakura bai san ya yi ɓarna ba. Ya ɗaga murya ya nufi layin baya.

"Yagana, wushe da aiki! Na zo gidan sau biyu ban gan ki a waje ba, bishiyar ma ban gan ta ba. Ina ta shiga?"

Ya Yagana ta gyara mayafinta, wanda har yau da ƙananan yagar ƙaya a jikinsa.

"Tambayi Dakta," ta ce. "Ya tura ta Indiya."

Ba a sayar da kwalba ko ɗaya ba ranar, amma lemo ya ƙare.

Yanzu in ka bi ta Fezzan da hantsi za ka same shi. Yana tafiya da ƙafafunsa biyu, garau, ba ko ɗingishi, kuma bai taɓa ce wa kowa na gode ba. Sunan Dakta Sinadari ya ɓace, unguwa ta sauya masa da Jemamme. Rana tana dukan shagon daga safe har la'asar tun da ba abin da zai tare ta, ga shi allon bai yi inuwar ba. Ya Yagana kuwa, da tsufanta, sai ta hau keke napep zuwa bayan gari ta sayo 'ya'yan bagaruwar wasu, ta dawo ta daka a zaure. Wannan ɓangaren ba abin dariya ba ne, kuma ba na dariyarsa.

Amma a yi wa Dakta adalci, nazarinsa bai faɗi ƙasa ba. Allon ya yi aiki. Tun daga titi ake hango shi, kuma tun da hoton taron ya zaga gari, mutane daga Gwange da Bulumkutu har da Baga Road suke zuwa, suna ce wa mai keke ya sauke su a gidan mai babban allo. Su sauka, su ga dattijo a ƙofa da farar riga yana zufa, su yi masa sallama cikin ladabi.

"Sannu, Baba mai gadi. Ya Yagana tana ciki?"

Da farko yakan buɗe baki zai fara daga tanin. Yanzu ya gaji. Sai ya ɗaga ƙafar dama kawai ya nuna musu zaure. Rinin ya daɗe da koɗewa, amma tabon yana nan. A duk takardun shaidar da ke Cibiyar, shi kaɗai ne na gaskiya, kuma sa hannun yayarsa ne a jiki.